Inna Zuwaira da Mai Tabarau

Akwai wata wasiƙa a ƙasan akwatina, ta fi shekara arba'in. Ko mijina bai san da ita ba. Da safen nan aka kira ni daga Waca, wai wadda na rubuta wa wasiƙar ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Zuwaira ta tafi.

Maƙwabciyarmu ce a Magarya, ƙarshen shekarun saba'in, ina 'yar shekara sha biyar. Mijinta direban babbar mota ne, shi ya zo da tele daga Kano. Da batirin mota take aiki, eriyarta a kan doguwar gora. In an yi sallar magariba, tsakar gidanta ba masaka tsinke.

Akwai wani wasan ban dariya na 'yan leƙen asiri da muke so. Da Ingilishi ake yi, mu kuwa ɗan Faransancin da muke koya a lakwal kawai gare mu. Tunda Inna ta taɓa zama Kano, sai ta zama tafinta.

Mutanen wasan kullum su ne. Jarumi sakarai da ke harɗewa da ƙafarsa, maigidansa mai sanƙo da tsawa, kyakkyawar da kowa ke mutuwa a kanta, mugu mai ido ɗaya. Sai wata mai tabarau a lungu, tana buga takardu, ba mai kallonta.

Yaran unguwa suka raba wa juna sunaye. Ni da ba na iya ɗaga ido, kullum kaina cikin littattafan soyayya na aro, ni na samu Mai Tabarau. In na wuce sai su hau buga yatsu a iska. Na yi kuka a bayan rumbu ba sau ɗaya ba.

Wata rana mai tabarau ta cikin wasan ta miƙa wa jarumi takarda, ta ɗan motsa baki. Sai Inna ta ce, "Kun ji? Cewa ta yi, kai sakarai, na riga na gano maɓoyar mugun, bi ta ƙofar baya kada ka kunyata ni."

Wani yaro ya ce, "Haba Inna, kalma biyu fa ta faɗa!"

"Kai tafi can. Ingilishi a dunƙule yake kamar fura, sai an dama."

Tun daga ranar, duk nasarar da aka ci a wasan, dabarar Mai Tabarau ce. Har 'yan mata suka fara kishin sunana.

Da na je karatu Damagaram na fara Ingilishi, sai na gane matar nan "to, ranka ya daɗe" kawai take cewa. A makon na rubuta wa Inna wasiƙar godiya, shafi huɗu, cike da taurari da furanni irin na littattafaina. Kunya ta hana ni ba ta.

Bara na same ta a Waca, gidan 'yarta Rabi, wasiƙar na cikin jakata. Idonta ya yi rauni, amma ina yin sallama ta ce, "Mai Tabarau! Har yau muryar a ciki take?"

Na tambaye ta zancen tafinta. Ta yi dariya har da tari. "'Yar nan, ni ko ruwa ban san sunansa da Ingilishi ba. Gani na yi sun matsa miki."

Rabi ta ce, "Inna, don Allah bar tono abin kunyar nan. Har yau ana ce mana 'ya'yan tafintar ƙarya."

Hannuna na kan jaka, amma ban fito da wasiƙar ba. Haka na taso.

Shekara talatin na yi ina tsayawa gaban aji ina magana. Daga tsakar gidan Inna na Magarya na samo ƙarfin.

Allah Ya jiƙanki Inna, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini, Ya sa Aljanna ce makomarki. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.

Rabi, gobe ina cikin motar farko ta Waca. Akwai takardar mahaifiyarki a hannuna. A gaban 'yan zaman makoki zan miƙa miki, kuma ni zan karanta, da ƙarfi.