Dalmar da Kawu ya ƙwace

Jiya ina kwashe kaya a ɗakina na unguwar Stapleton, wani curin dalma ya faɗo mini a ƙafa. Nan take na ji warin roba da gishirin teku, na tuna Kawu.

Shi ya koya mini nutso da tagwayen tulunan iska na ƙarfe. Bai yarda da kowa ba, balle mai shagon kayan nutso da ya ce in ƙara dalma a jikina don in fi nutsewa.

"Ƙarfe biyu a bayanka, ka ƙara nauyi? In rigar iskar da ke ɗaga ka sama ta fashe, uban wa zai ɗago ka?"

Ni kuwa ina tsoron tulunan su yi sakayau in iskarsu ta ragu, su yi sama da ni, sai na ɓoye curi ɗaya. A bakin ruwa ya ƙura mini ido.

"Ɗana, tafiyarka ta yi nauyi."

Na rantse ban ƙara komai ba. Ya cusa hannu a aljihuna, ya zaro curin.

A ranar rigar ta huje ina ƙarƙashin ruwa. Da ƙafafuna kaɗai na taso, da ƙyar.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya nauyaya mizaninsa, can inda nauyi ba ya nutsar da mutum.