Ranar da Na Kwance wa Jif Ƙarfe Na Kai Mama Kaneng Wajen Yayarta

Asabar: Bauchi zuwa Jos

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Asabar, ina idar da salla, na tayar da tsohuwar jif ɗina daga Bauchi. Ni likitar dabbobi ce, da wannan motar nake bin rugage, amma tafiyar ranar ba ta aiki ba ce. Alkawari zan cika wa Mama Kaneng, maƙwabciyarmu ta unguwar Kwararafa a Jos, wadda ta sha goya ni ina ƙarama duk ranar da mahaifiyata ta tafi kasuwa.

Shekara tara ke nan ciwon ƙugu ya hana Mama zuwa ƙauyensu da ke kan duwatsu, can gefen Riyom, inda yayarta take. Yayar ma ta tsufa, ba ta iya saukowa a babur. Bara na ɗauki Mama muka gwada. Muka isa wani hawa mai tsagin dutse, tayar gaba ɗaya ta tashi sama tana juyawa a iska, motar ta ƙi gaba, dole muka juyo. Mama ta goge ido da bakin zane.

Da safiyar Asabar ɗin, a shingen sojoji kusa da Tilden Fulani wani soja ya leƙo ta taga.

"Hajiya, ke kaɗai a wannan ƙatuwar mota?"

"Ai ita ce 'yar rakiyata."

Ya yi dariya ya ɗaga min hannu. Takwas saura kwata na shiga Jos, bayan tafiyar kilomita kusan ɗari da talatin, sanyi ya sa na lalubo rigar sanyi a kujerar baya.

Garejin Nasarawa Gwom

Kai tsaye na wuce wajen Oga Ɗanladi, bakaniken da wani direba ya kwatanta min, ya ce shi ne gwanin motocin daji. Dattijo ne gajere mai furfura a gira. Ya saurari labarina har ƙarshe, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar, sannan ya kira ni.

"Madam, durƙuso ki gani. Injinki lafiya, tayoyinki lafiya. Ga mai laifin." Ya ƙwanƙwasa wata doguwar sandar ƙarfe da sifana. "Sitabilaiza muke ce masa. Shi ya ɗaure tayar hagu da ta dama don kada mota ta kwanta in kin sha kwana. A kwalta masoyinki ne. A dutse kuwa, in taya ɗaya ta hau, sai ya janye ɗayar sama, ta rasa abin takawa."

"To a cire shi mana, Oga."

"Kai, a'a! Ki cire ki kama hanyar Bauchi da gudu? Kwana ɗaya ta isa ta kifar da ke."

Dabararsa ita ce ya kwance notin da ke riƙe da bakin sandar ta kowane gefe, ya sa fil mai kauri mai zobe a madadinsu. In na zo dutse na zare, na ɗaure sandar sama; in na dawo kwalta na mayar. Aikin ya ci awa huɗu, har da walda. Da ya gama bai bar ni na tafi ba, sai da ya sa na kwanta a kwalin nan na zare na mayar sau huɗu.

"Ni ba zan bi ki dutse ba," in ji shi. "Kuma ki nemi wuri mai daidai kafin ki mayar, in ba haka ba ramin ba zai haɗu ba."

Na biya ta Abattoir, unguwar mayanka, na sayi balangu na dubu uku, na isa Kwararafa bayan la'asar. Mama ta kalli baƙin man da ke goshina ta ce, "'Yata, likita ne ko makanike?" A ɗakinta na sauka. Jakarta tuni a ɗaure take a bakin ƙofa.

Lahadi: hawan dutse

Bakwai da minti goma muka tashi. Na jera wa Mama filo biyu a kujerar gaba. Muka wuce Bukuru, muka ci kilomita talatin da 'yan kai a kwalta, sannan muka saki titi muka shiga jar hanya tsakanin gonakin dankalin turawa da shingen ƙerana. Tara saura muka iso gindin hawan da ya mayar da mu bara.

Na tsaya, na shimfiɗa tabarma, na shiga ƙasa. Fil na dama ya fito salin-alin, na hagu sai da na ɗan buga shi da dutse. Na ɗaure sandar, na dawo na sa ƙaramar giya.

"In ya ƙi, kada ki damu," Mama ta ce, hannunta damƙe da ƙofa. "Kin yi ƙoƙari."

Na yi bisimilla, ita kuma tana addu'a da yarensu. Motar ta fara hawa a hankali. Tayar dama ta hau ƙaton dutsen nan, na ji gaban motar ya murɗe. Na leƙa ta taga. Tayar hagu na nan a ƙasa, ta sauka cikin tsagin ta kama. Muka ɗaga, muka gangara kaɗan, muka sake ɗagawa, sai ga mu a sama. Mama ta saki ƙofa ta rangaɗa guɗa, irin wadda rabona da jin ta tun bikina.

Sauran kilomita uku muka yi su a minti arba'in, Mama na nuna min komai: ga rafin da suke wanki, ga dutsen da suke shanya acca.

Ƙauyen su Mama

Muka shiga daidai ana fitowa daga coci. Mutane suka tsaya cak, don an daɗe ba a ga mota a wurin ba. Wata tsohuwa siririya mai sanda ta matso tana kare rana da hannu. Ita ce Ngo Chundung, yayar Mama. Ta daɗe tana kallon fuskar da ke cikin motar, sannan ta yar da sandar.

"Kaneng! Kin yi ƙiba!"

"Ke kuma haƙoranki ina?"

Suka rungume juna ta taga tun ban buɗe ƙofa ba, suna kuka suna dariya. Matan coci suka kewaye mu da waƙa. Aka ba ni ɗaki na yi azahar, aka kawo min gwaten acca da zafinsa, na ci kwano biyu ban ji kunya ba.

Ƙarfe uku na ce mu kama hanya kafin hadari ya haɗu. Ngo Chundung ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin kaya a ka.

"Motar da ya hau nan zai iya sauka da ni," ta ce. "Zan je in ga Jos ɗin da ya riƙe min ƙanwa."

Saukowa

Samari huɗu suka rako mu a ƙafa har gindin dutse. Nan na kwanta zan mayar da fil, rami ya ƙi haɗuwa, don wurin a karkace yake. Na gwada, na sake gwadawa, gumi ya jiƙa ni. Sai na ce su kama motar su girgiza. Suka shiga jijjiga ta suna waƙa, tsofaffin biyu na ciki suna ihu a sauke su. A girgiza ta biyar fil ya shige, na ɗaya gefen ma ya bi. Shida da kwata muna Kwararafa, maƙwabta sun cika tsakar gida.

Litinin: gida

Na bar Jos shida na safe, takwas da rabi ina ƙofar gidana a Bauchi. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Oga Ɗanladi da samarin nan da ban ma tambayi sunansu ba.

Ban gama sauke kaya ba waya ta yi ƙara. Mama ce.

"'Yata, kin isa? To ki saurara. Wannan tsohuwar ta ƙwace min gado, ta ce ita ce babba."

Ina jiyo Ngo Chundung daga nesa tana cewa a faɗa min kada in yi saurin dawowa ɗaukar ta.