Dokin da Malam Kuang Ya Ɗaure

Shekara talatin Kuang Baoshan ya yi yana yanka tikiti a motar bas. Da ya yi ritaya sai ya koma gindin bishiya yana cinye tsofaffi a darar gida, irin ta ƙasarsu mai doki da soja, shi ke nan kai ya kumbura. Ranar da makarantar unguwa ta nemi mai koyar da darar Turawa, gogan naka ya karanta rabin littafi ya ce ai doki doki ne ko'ina. Malam Kuang ke nan, har da sabon tabarau.

A darar gida, in ka tsayar da soja a gaban doki ka ɗaure masa ƙafa, ba ya tsallakewa. Dokin Turawa kuwa babu ruwansa. Littafin ya faɗa, amma ina, Malam ya fi littafi sani. Ya ƙirƙiro buɗin wasa nasa na kansa, taku na bakwai a ɗaure dokin abokin karawa. Ba wanda ya taɓa kama shi, don yaran duk a hannunsa suka koya.

Jikarsa Shuyin, 'yar shekara tara, ita ta fi kowa haddacewa. Ta kai wasan da za a ɗauki yaro ɗaya zuwa ƙungiyar lardi, abin da take mafarki tun bara. Malam ya cika iyaye da surutu a bayan igiyar 'yan kallo, wai su zuba ido a taku na bakwai.

Da aka zo taku na bakwai ta tura sojan gaban dokin, ta waiwayo tana murmushi. Yaron da ke gabanta, mai majina, ya ɗaga doki ya tsallake, ya dira yana barazana ga sarki da sarauniya lokaci guda. Shuyin ta ɗaga hannu ta kira alƙalin wasa.

"Dokin nan a ɗaure yake. Kakana ya ce ba ya motsi."

Aka yi ta ƙunshe dariya. Alƙalin ya tambaya a hankali wane ne kakan nata. Malam Kuang, mutumin banza, maimakon ya fito, sai ya cire tabarau yana gogewa, ya ce wa na kusa da shi yaran yanzu ba sa saurara, shi bai taɓa koya mata haka ba.

Zauren shiru ne, ta ji. Ta kwantar da sarkinta alamar ta sallama, ta miƙa wa yaron hannu. A hanyar gida kakan ya sayo mata gasasshen dankali, ta ce, "Na gode, Malam Kuang." Ba ta ƙara kiransa Kaka ba.