Matar da Ke Gaya wa Na'ura Harshen Takarda

Kafin kowa ya iso ofishin jarrabawa, ta riga ta goge tebur, ta kunna tsohuwar kwamfutarta, ta fara buɗe takardun PDF ɗaya bayan ɗaya. Sai-na-duba suke kiranta, wai su tsokana. Abin da take dubawa ɗan gurbi ne da ake sa alamar harshen da aka rubuta takarda da shi. Mai ido bai ma san da shi ba. Makaho kuwa, da alamar nan na'urarsa ke gane muryar da za ta karanta masa.

Bara aka kawo tambayoyin wata ɗaliba makauniya, rabi Hausa rabi Turanci, duk an bar su da alamar Turanci. Sai-na-duba ta sa abin sauraro a kunne, ta ji na'ura tana tauna Hausa kamar mai cin tsakuwa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba za ta fita ba," ta ce wa shugaban sashe.

"Ke dai kin cika fi'ili! Ba ga rubutu nan ba?"

"A wurinka yana nan. Rufe ido ka saurara."

Ya sa abin a kunne, ko minti ɗaya bai yi ba ya cire shi, ya fita yana gunaguni. Ita kuwa ta bi takardar sakin layi bayan sakin layi tana sa alama, ta gwada manhajar karatu har huɗu kafin ta samu wadda ke sauya murya inda harshe ya sauya. Yarinyar ta ci jarrabawa. A taron ƙarshen shekara shugaban sashe aka tafa wa.

Ke ce kika yi, Gwaggo, kuma mun gani. Allah ya saka miki da alheri.

Abin takaicin, ranar Juma'a za ta ajiye aiki. Sau uku tana liƙa sanarwar za ta koyar da aikin nan, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Haba jama'a! Aikin minti goma ne fa, ku je ku zauna kusa da ita tun tana nan.

Jarrabawar ƙarshe ta yarinyar nan wata mai zuwa ne. Jiya ta lalubo ƙofar ofis da sandarta, ta gaida kowa, ta ce, "Gwaggo, in kin tafi wa zai duba tawa?"

Gwaggo ta waiga ta dubi teburan abokan aikinta shida. Kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa.