Kofur Atiku da Birkin Hagu

Katanga ɗaya ta raba mu da Kofur Atiku a Gwadangaji tun maigidana na da rai, Allah ya jiƙan sa. Atiku soja ne, ɗan manoman shinkafa daga Argungu. Can gabas nakiya ta tashi da motarsu. Matarsa Adama ta ce da igiyar bindiga abokansa suka ɗaure cinyar, suka jawo shi ta cikin jinin direba. Ƙafar dama ba a gan ta ba har yau.

Ya dawo da ta roba, wadda ke cin dungulmin har ya yi ruwa. Noma ya gagara, hatsi ya ƙare. Sai aka ce wata ƙungiyar tsofaffin sojoji za ta raba keke napep mai birki a hannu, amma sai wanda likita ya shaida ba ya iya taka birki.

Ranar dubawa Atiku ya sa wando mai guga, ya shiga a miƙe, ya sara wa likita.

"Kofur, ya jiki?"

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

Haka aka koya mana. Maigidana ma da sauƙi ya ce, ranar da ya cika. Likitar kuma mace ce, Atiku ya ƙi ɗaga wando. Aka sa shi cikin masu lafiya.

Ranar rabo a unguwar Gesse na raka Adama da Atiku. Mai gadi ya tare shi da kulki a ƙirji.

"Kai, wanga ƙato! Ƙahwarka biyu, mi kaka nema? Ko bara ka zo?"

Atiku ya zauna a ƙasa, ya kwance ƙafar. Jini da mugunya suka zubo daga cikinta. Ya ɗaga ta ya maka wa mai gadi a baki, haƙori ya yi tsalle har gabana. Sauran masu gadin suka rufe shi. Na ji kulki a kan ƙashi, kamar ana faskare. Adama ta faɗa kansa tana ihu, ni salati kawai nake.

Likitar ta fito, ta ga dungulmin a cikin ƙasa, ta kama baki.

An ba shi keken, amma sun karya masa hannun dama, hannun birkin. Ya warke a shanye. Keken ya daɗe a ƙofar gida, kaji na kwana a ciki.

Ayinde makanike, na Badariya, shi ya zo ya duba.

"Oga soja, hagun ma sun cinye?"

"Yana nan, Bayarabe. In gwada maka?"

"A'a, haƙorana nake so!"

Ya mai da birkin hagu. Yanzu Atiku ke kai albasa kasuwa, nakan bi shi in zan fita. Jiya na ga jini ya ɓata masa wando, na ce, "Kofur, ya jiki?"

Ya ja birki.

"Inna," ya ce, "yau akwai ciwo."