Ranar da Malam Ɗalhatu Ya Yanke Gaisuwa

Malam Ɗalhatu mutumin Zariya ne, ɗan unguwar Kwarbai. Gida ɗaya muke haya a Satwa, wata unguwa a Dubai, a saman shagon wasu teloli 'yan Pakistan, kuma duk mazauna gidan sun san shi ke fara fita. Ana idar da sallar asuba zai rataya 'yar jakarsa ya tafi tarar motar ma'aikata. Aikinsa a wani lambu ne mai rufi a bayan gari, inda ake ajiye malam-buɗe-littafi iri-iri, mutane suna shiga kallo da 'ya'yansu. Mu a gida malamansa muke ce musu. In ya dawo da yamma sai wani ya ce, "Baba Ɗalhatu, ya malaman?" Shi kuma ya ce, "Suna gaishe ku, sun ce ku rage barci."

Ba wannan aikin ne ya kawo shi Dubai ba. Ɗinkin hannu ya gada, irin na wuyan babbar riga. Ya ce kakansa har daji yake shiga neman gidan tsutsar tsamiya, a kawo a dafa da toka a kaɗa zare. Wani ɗan kasuwa ne ya ɗauko shi don ya riƙa yi wa rigunan matan Larabawa ado a wani shago a nan Satwa. Da mai shagon ya sayo injin da ke ɗinka fure da kansa, sai aka ce wa Malam Ɗalhatu an gode. Komawa gida hannu rabbana ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, don haka da ya ji lambun nan na neman mai shara da ban ruwa, bai tsaya shawara ba.

A can ya san Maricel, wata 'yar Filifin da ke kula da ɗakin ƙyanƙyasa. Garinsu ƙaramin tsibiri ne da ake kira Marinduque, inda gidaje da dama ke kiwon tsutsar malam-buɗe-littafi a bayan gida, kamar yadda ake kiwon kaji a wajenmu. Idan tsutsar ta ƙoshi da ganye ta shiga ƙwanso, sai a jera ƙwanson cikin auduga, a sa a kwali, a ɗora wa jirgi. In ya iso nan, sai an ɗauki kowanne an rataye shi a jikin sanda, kamar yadda yake a jikin reshe. Wani da ɗigon gam ake manna shi, wani da allura, ta cikin ɗan silikin da ke gindinsa. Allurar na gocewa ta taɓa jiki, shi ke nan.

Wata rana Maricel ta same shi yana ɗinke ragar da ta yage a bakin ƙofa. Ta tsaya ta kalli ɗinkin, ta nemi inda yagar take ta rasa. Washegari ta miƙa masa allura da ƙwanso. Tun daga ranar ya ajiye tsintsiya.

Sunayen da ke rubuce a jikin kwalin ba sa zama a bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Akwai wani babba fari mai zanen baƙi, da ke tafiya a iska a hankali kamar ba ya son ya isa inda za shi. Shi ne Dattijo. Ƙwansonsa rawaya ne mai sheƙi, in ka gani sai ka ce ɗan kunnen zinari. Akwai baƙi mai koren layi da ya ratsa fukafukansa, wannan Mai Ɗamara. Fari mai jan baki a ƙarshen fiffike, Mai Lalle. Amma wanda ya fi so shi ne wani ja da gefen fukafukansa ke da zane ƙanana ƙanana. Ya taɓa nuna min hotonsa a waya, ya ce, "Dubi nan, ɗana. Na yi shekaru ina riƙe allura, ban taɓa yin layin da ya kai wannan tsafta ba. Kuma ba a sake shi sau biyu, a karon farko ake gamawa."

Abin da ya fi nanata mana shi ne lokacin fitowa. In malam-buɗe-littafi ya tsaga ƙwanso, fukafukansa a jiƙe suke, a cukurkuɗe kamar tsumma. Dole ya sami abin da zai maƙale ya rataya, su miƙe su bushe. Idan ya fito a kwance, ko wani abu ya danne shi, haka za su bushe a nannaɗe, kuma ba zai taɓa tashi ba. Lokacin ɗan kaɗan ne, ba ya jiran kowa.

Babbar 'yarsa Nuriyya ma'aikaciyar jinya ce a Zariya. Wani saurayi ɗan Kano, Izzuddeen, ya fito neman aurenta, ita ma tana sonsa. Da iyayen yaron suka fara bincike kamar yadda aka saba, sai maganganu suka yi ta karo. Wani ya ce uban yarinyar tela ne a Dubai. Wani ya ce shara yake yi. Wani kuma ya ce ƙwari yake kiwo, ga alama kansa ba daidai yake ba. Mahaifin Izzuddeen ya ce ba za a kai goro ba sai ƙaninsa Alhaji Musbahu, mai sayar da tayil da famfuna a Ƙofar Ruwa, ya je Dubai ɗora kaya ya ga mutumin da idonsa. Abin da ya ce, shi za a yi.

Nuriyya ta kira mahaifinta. Muna zaune muka ji muryarta ta waya.

"Baba, don Allah ka karɓe shi da kyau. An ce mutum ne mai son girma."

"Ke, ni za ki koya wa karɓar baƙo? A Zazzau aka haife ni fa."

Da gaske yake. Malam Ɗalhatu in ya fara gaishe ka, sai ka nemi wurin zama. Ya sa aka goge masa babbar rigarsa, ya sayo dabino mai kyau, ya yi magana da mai dafa shinkafa da rago. Alhaji ya aiko cewa a wurin aiki yake son su haɗu, ranar Asabar da safe. Malam ya nemi izini aka ba shi.

Akwai wani kwali daga tsibirin da ya daɗe a filin jirgi saboda takardu. Sai a safiyar Asabar ɗin aka kawo shi. Da Maricel ta yanke leda ta ɗaga murfi, audugar motsi take yi. Zafi ya sa sun nuna a hanya. Wasu sun riga sun fito suna jan ciki, wasu ƙwanson ya yi duhu yana tsagewa. Malam Ɗalhatu ya cire babbar rigar ya rataye a ƙusa, ya naɗe hannun 'yar ciki, suka duƙufa.

Suna cikin haka mai gadi ya rako Alhaji Musbahu bakin ƙofa, cikin farar shadda da hula zanna, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Alhaji, sannu da zuwa. Riƙe min nan."

Ya miƙa masa sanda, da wani jiƙaƙƙen abu maƙale a jikinta. Alhaji da ya miƙo hannu don musabaha sai ya ji sanda a tafinsa.

"Malam, Musbahu ne fa. Baffan Izzuddeen."

"Na gane ka, ranka ya daɗe. Ɗaga ta sama kaɗan. Yawwa. Kada ka girgiza."

Bai durƙusa ba, bai tambayi hanya ba, bai tambayi mutanen gida ba. Ko kujera bai nuna masa ba. Ya juya ya sa yatsa cikin auduga, wani ya hau, ya ɗora shi a raga, ya koma.

"Kuya, yalla, yalla!" in ji Maricel. Kuya a yarensu yaya ke nan, haka take kiransa, yalla kuwa Larabci ne, wato a yi sauri.

Alhaji ya ce, "Wace ce wannan take mana yalla?"

"Shugabata ce."

"Shugabarka?"

"Ita ta koya min aikin. Alhaji, ga wani, ɗora shi kusa da ɗan'uwansa."

Waya ta yi ta ƙara a aljihun Alhaji. Mai kwantena ne ke nemansa. Ya yi yunƙurin sakin hannu ɗaya, Malam ya ce, "Shuwayya, ɗan dakata, ranka ya daɗe, ya kusa." Haka ya tsaya hannu biyu a sama, gumi na bin wuyan shaddar, don ɗakin da ɗumi da laima ake barinsa. Ba shi da abin kallo sai abin da ke gabansa. Tsumman nan ya fara kumbura daga gindi, yana sauka a hankali, yana buɗewa, har farin ya fito, baƙin zanen ya zauna a wurinsa. Dattijo ne. Ya buɗe fukafukan ya rufe, faɗinsu ya kusa tafin hannun Alhaji.

Ba duka aka cece su ba. Waɗanda suka bushe a nannaɗe, Malam ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya sa a faranti, ya yanka lemo ya ajiye musu a kusurwa.

Alhaji ya ce, "Waɗannan fa?"

"Ba za su tashi ba. Amma suna iya sha."

Da kwalin ya ƙare, Malam Ɗalhatu ya wanke hannu, ya karɓi sandar ya rataye, ya ɗauko babbar rigarsa, ya fara rusunawa. "Ranka ya daɗe, ina kwana, an zo la..."

"Bar shi, Malam. Ana jirana." Alhaji ya share fuska da hankici ya fita. Dabino bai taɓa ba. Shinkafar mu muka cinye ta da yamma.

Da Nuriyya ta kira, bai ɓoye mata komai ba. Ta ce, "Baba, saboda ƙwari?" Ya ce, "A hannuna aka damƙa su, Nuriyya. In na tsaya gaisuwa, rabinsu sun tafi." Ta ce to, ta kashe. Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya tambaye shi ya malaman. Yana fita kamar kullum, yana dawowa, sai dai abinci kaɗan yake ci, kuma duk wayar da ta yi ƙara a ɗakin sai ya ɗaga kai.

Ni a wani sito nake aiki a Al Qusais, kuma a nan Alhaji Musbahu ke loda kayansa. A nan na ji nasa ɓangaren, don duk wanda ya shigo sai ya ba shi labari.

"Tun da nake zuwa garin nan ba a taɓa yi min haka ba. Na bar kwantena a buɗe, na hau tasi har bayan gari, mutum ya mayar da ni maratayi!"

Wani abokinsa ya ce, "Ai ka dace da aikin, Alhaji. Tsawon ya isa."

"Ka ji ɗan banza. Amma kun taɓa ganin yadda abin nan ke buɗewa? Wallahi ba ku taɓa ba. Ku dai kwali kuka sani."

Ranar da aka rufe kwantenarsa, yana zaune a kan buhu ya kira yayansa a Kano. Muryarsa ba ta ɓuya, duk sito ya ji.

"Yaya, na gan shi. Eh, ƙwarin ne, gaskiya ne. Mace ce ma shugabarsa, da bakinsa ya faɗa min, ko kunya bai ji ba. Bai gaishe ni ba. A'a, saurara mana. Ba raini ba ne, na san raini. Ya san ko ni wane ne, ya san abin da ya kawo ni. Amma bai tsaya da aikin ba. Abin da aka damƙa masa bai sake shi ba don ya burge ni. Ni dai na gamsu da gidan. A kai goro. Amma a gaya musu ina binsa gaisuwa."

Ban jira tashi daga aiki ba, na kira Malam Ɗalhatu. Ya saurara har na gama, ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa. Sannan ya ce, "A ina ya sauka?"

Washegari ranar hutunsa ce. Ya sa babbar riga ya tafi otal ɗin da Alhaji ya sauka a Naif, ya same shi a zauren ƙasa tare da 'yan kasuwar Kano, ana shirin tafiya filin jirgi. Ya cire takalmi a kan tayil ɗin mutane, ya durƙusa har ƙasa.

Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya. Ya tambayi hanyar da aka zo da wadda za a koma. Ya tambayi Yaya, da iyalin Yaya, da Hajiya, da yara ɗaya bayan ɗaya, har da na goye. Ya tambayi kasuwa, da zafin gari, da kafaɗar da ta riƙe sanda. Alhaji na amsawa "lafiya lau, lafiya lau," yana duban agogo, abokansa na dariya a ɓoye. Mai tasi ya leƙo ya koma.

"Khalas, ya isa haka, Malam Ɗalhatu, na yafe! Tashi, jirgi zai bar ni."

"Yanzu, ranka ya daɗe. Saura maƙwabta."