Salwar Baba da Hulbar Inna

Shekarar da ciwon gwiwa ya hana Baba zuwa gona, ya hau motar Rusairis ya dawo mana da kwali mai ramuka, cike da 'yan tsakin salwa. Ina gida a lokacin, na zo wankan haihuwar fari. Inna ta leƙa kwalin, ta taɓe baki, ta ce tsuntsun da bai kai dunƙulen hannu ba, ita ba ruwanta da shi.

Baba ya haɗa musu keji a gindin darbejiya, yana ɓarza musu dawa da tunkuzar gyaɗa. Suka yi ta girma har ruwa ya sauka sosai. Sai zawo ya kama su, suka saki fukafukai, wasu suka mutu. Hanya ta zama laka, mota ba ta shigowa, balle a samo magani daga gari. Baba ya kan zauna gaban kejin har gahawarsa ta huce bai kurɓa ba.

Kullum da safe Inna na dama mini kunun hulba irin na masu jego. Ranar nan ta soya hulbar da yawa, ta daka da tafarnuwa da habbatus sauda da busasshen zogale, ta cuɗa a cikin dawar. Ta kuma sa aka mayar da kejin ƙarƙashin rumfa, inda babu danshi.

Baba ya ce, "Hajiya, tsuntsaye ne fa, ba masu jego ba."

Ta ce, "Malam, ka sha gahawarka."

Ko haɗin ne ya yi aiki, ko rumfar, ban sani ba. Sun dai miƙe, suka murje, ba a daɗe ba suka fara zuba ƙwai masu ɗigo-ɗigo. Sai dai ƙwan ƙamshin hulba yake yi. Mu muka kasa ci. Baba kuwa, don kada a ce salwarsa na da aibu, ya riƙa soya su yana cinyewa safe da yamma. Ita kuma hulba a gumi take fita. Ran Juma'a, bayan an sallame, wani abokin wasansa ya shinshina, ya kama hannunsa a gaban jama'a, ya yi masa barka da sauka lafiya, ya tambayi ranar suna.

Da Baba ya dawo ya ba da labari fuska a murtuke, Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Shi ma daga baya ya kasa daurewa.

Ta rage hulbar, ta ƙara zogale. Ƙamshin ya tafi, gwaiduwar ta yi ja, maƙwabta suka fara aiko da kwano a ɗiba musu haɗin.

Da na gama wanka zan koma gidan mijina a Kamlin, ta sa mini salwa biyu, mace da namiji, a kwando, ta ƙulle garin a gefen mayafina, tana ta nanata mini awon. A mota jaririyata na barci a cinyata, namijin kuma bai daina kuka ba, fasinjoji na ta waiwaye suna neman inda yake.